Ranar da Ambasada Ya Zo Neman Talakawa

Masu turo min saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, wallahi ba yanga ba ce. Duk garin nan wuri ɗaya sabis yake sauka, kan wani tsohon shuri da ke bayan ajinmu, shi ma sai ka ɗaga waya sama kamar mai tsayar da jirgi. In an yi ruwa kuwa santsi yake yi. Yanzu haka da nake muku rubutun nan gwiwata a goge take, zanina duk taɓo. Amma yau ko a rarrafe ne sai na ba ku labarin nan, don ya cika min ciki.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, a gida Auta ake ce min, a nan kuma Malama Turanci. Da na gama karatu na zauna jiran aiki har Gwaggo, yayar Babanmu, ta fara lissafa ni cikin kujerun falo. Da aikin ya tashi fitowa sai ya fito a ƙarshen duniya. Mota ta sauke ka, babur ya ɗauka, babur ya sauke ka, ka tattare zani ka tsallake rafi. Malamai uku ne mu a makarantar: ni, da Hedimasta, da wani malamin lissafi wanda sunansa ne kawai yake zuwa aiki.

Ajina rabinsa rufi ne, rabinsa sararin Allah. Da zarar an fara yayyafi sai yaran su kwashe bencuna su cure a lungu ɗaya kamar 'yan tsaki, ni kuma in tsaya da lema ina koyar da su. Littafin da aka aiko mana daga ofis darasinsa na farko a kan yadda ake hawa lifta ne a babban otal. Na biyu, yadda ake tsallake titi in fitila ta nuna kore. Yaran da ko kwalta ba su taɓa takawa ba! Na rufe shi na danne ƙafar teburina da ke rawa da shi, a nan ne ya fi amfani. Sai muka koma Turancin abin da muke gani: akuya, rijiya, saniya, gona. Kullum da safe in tambaye su me suke da shi, kowa ya miƙe ya faɗi nasa da Turanci. Sun fi son wannan a kan komai, don dama ce ta yi wa juna alfahari.

To, sai maganar Ambasada.

Gwaggo ce ta samo shi. Ɗan ƙawarta ne, yana da wata gidauniya ta taimakon makarantun ƙauye, kuma shi ya raɗa wa kansa Ambasadan Yara. Ban san wace ƙasa yaran suka tura shi wakilta ba, amma har a jikin motarsa an rubuta. Ranar da ya fara zuwa gidanmu lokacin hutu, farar shadda ya sa wadda ta sha sitati har tana kuka in ya motsa, agogo kamar murfin tukunya, turarensa kuwa sai da ya kwana biyu a labulen Mama. Gwaggo ta sa na canza kaya sau uku. A ƙarshe ta tsayar da ni a kan wata doguwar riga ruwan toka da mayafi mai duwatsu, ta ce, "Ki riƙa sunkuyar da kai, kuma don Allah kada ki gyara masa Turanci."

Ban gyara ba. Amma na ji wurare huɗu da suka so gyara.

Zan faɗa muku gaskiya tunda a nan ba ma ɓoye wa juna, mutumin ya shiga raina. Kada ku harare ni. Yana da murya mai sanyi, kuma yana sauraro. In na hau shuri da yamma ya kira ni, sai in yi ta ba shi labarin ajina, yana dariya har da tari. Shi ya aiko min da abin cajin waya mai amfani da rana. Ku da kuke birni ba za ku gane ba, amma a garin nan wanda ya ba ki caji ya ba ki rabin zuciyarsa. Saƙonninsa kuwa kullum da "Madiya, hasken ƙauye" suke farawa, Madiyar nan "my dear" ce ta Turanci. Tun ina taɓe baki har na koma in ban gani ba sai in ji ranar ba ta cika ba.

A gurup ɗin gidanmu kuwa an riga an gama aurar da ni. Gwaggo tana turo saƙon murya wanda kafin ya gama sauka hannuna ya sage. "Auta, ke dai ki buɗe ido. 'Yan mata suna nan sun yi masa layi. Ke kina can daji kina koya wa awaki Turanci, fatarki duk ta ƙone. Ki lallaɓa shi, in an yi aure ya ba ki ofis mai sanyi a gidauniyarsa." Mama ta ɗora da nata, a hankali: "Ki dai yi addu'a, Auta, amma yaron yana da ladabi."

Ana haka sai ga saƙonsa wata ranar Lahadi.

"Madiya, albishir. Masu ba mu tallafi daga waje sun yarda a yi wa ajinki rufi. Bidiyo kawai suke so. Zan zo da mai kyamara. Ki koya wa yaran waɗannan layukan, su faɗa tare, da tausayi."

Na yi tsalle a kan shuri har na kusa karyewa. Rufi! Sai da na sauko na zauna na karanta layukan da kyau. Gajeru ne, guda uku. Ma'anarsu: mu matalauta ne, ba mu da komai, ku taimake mu.

Na ce a raina, to, ai kalmomi ne. Washegari na rubuta su a allo.

"Ku maimaita. Wi a puwa."

"WI A FUWA!"

"Ba fuwa ba, puwa. Ku haɗe leɓe."

"WI A FUWA!"

Da murna suke faɗa, har da masu buga benci. Sai na ga hannu ɗaya a sama. Akwai wata yarinya a layin gaba, 'yar siririya mai manyan idanu, duk makarantar Me-ya-sa ake kiranta, saboda ko sallama ka yi mata sai ta tambaye ka dalili.

"Malama, me yake nufi?"

"Ki dai haddace tukuna."

"Ai ke kika ce kada mu faɗi abin da ba mu san ma'anarsa ba. Kin ce aku ne yake haka."

Jama'a, kun ga illar koyarwa da gaskiya? Bakinka ne yake dawowa ya kama ka. Na juya ina goge allon da babu abin gogewa a jikinsa. Na yi tunanin in ce yana nufin "muna murna da zuwanku". Wa zai sani? Hedimasta kansa Turancinsa bai wuce na sa hannu ba. Amma idanun yarinyar nan suna bayana kamar an ɗora min garwashi.

Na juyo na faɗa musu. Duka layukan uku, da Hausa, ban rage ba.

Can wani ƙaton yaro a baya ya ce, "Mu ɗin?"

"Magana ce kawai ta bidiyo."

"Malama, babana fa bijimai biyu gare shi."

"Mu rumbunmu har yanzu bai ƙare ba," in ji wata.

Me-ya-sa ta ce, "To me ya sa za mu ce ba mu da komai?"

Na nuna musu sama. Suka ɗaga kai suka kalli gajimare ta inda rufi ya kamata ya kasance. Na ce, "Saboda wannan." Suka maimaita layukan, amma a wannan karon kamar masu tauna magani.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina wanke hijabi sai ga Iya, tsohuwar da nake zaune a gidanta, ta jawo kujera ta zauna a gabana. Iya ba ta zama a gabanka sai da dalili.

"'Yar nan, aka ce roƙo kike koya wa yaranmu da Turanci?"

"Iya, ba roƙo ba ne, neman tallafi ne."

"Au. Da Turanci sunansa ke nan?"

Na yi mata bayanin kwanon rufi da masu tallafi da bidiyo. Ta saurara tana gyaɗa kai. Ta ce, "Rufi dai muna so, ba mu ƙi ba. Shi mutumin, shi ne mai kiranki kina hawa shuri kina washe baki?"

Na sunkuyar da kai cikin kumfa.

"To, Allah ya kawo shi lafiya. Za mu tarbe shi." Yadda ta faɗi "za mu tarbe shi" ɗin nan ya kamata in gane akwai magana a ƙasa.

Hedimasta shi ko a jikinsa. Ya kira ni ofishinsa, wato ƙarƙashin bishiyar da ya ajiye tebur. "Malama, kada ki biye wa mata. Talauci ai ba zagi ba ne in dai akwai kwano a ƙarshensa. Kuma na ji an ce wani lokaci suna haɗawa da babur ga shugaban makaranta. Ba wai ina so ba ne, amma in kin ga fuska ki taɓo masa."

Ranar zuwansa na tashi na sa atamfata mai ruwan ganye wadda ban taɓa sawa a garin ba, na ɗaura ɗankwali sau biyar kafin ya zauna, na shafa hoda a madubin da bai wuce tafin hannu ba. Na isa makaranta, na tsaya turus.

Yarana ne, amma sai da na ƙura ido na gane su. An dirje su da sabulu har suna ɗaukar ido, an shafe su da mai kamar za a soya su. Duk wata riga da aka ɓoye a ƙasan akwati ranar ta ga rana. Matan an yi musu sabon kitso, har da masu kwalli. Ƙaton yaron nan na baya ya sa hular babansa da wani baƙin tabarau mai ido ɗaya a tsage. Takalma kuwa ba a magana: wata ta sa na yayarta mai tsini tana tafiya kamar 'yar maraƙin da aka haifa yau. Me-ya-sa ta zo da jakar hannun uwarta ta rataya. A bakin shinge kuma iyaye mata ne reras, kowa ta ci ado, Iya a gaba ta riƙe ƙugu.

Hedimasta ya dafe kai. "Shi ke nan. Babur ya tafi."

Sai can da rana ta ɗaga muka hango su. Ambasada bai yarda ya sa ƙafa a rafi ba, mai babur ne ya goyo shi ya tsallakar, shaddar tana ta kuka. Mai kyamara yana biye, wani dogo mai wando duk aljihu. Da ya ƙaraso ya yi min murmushin nan nasa.

"Madiya, kin yi kyau. Ina yaran?"

"Ga su."

Ya dube su, suka dube shi. Suka haɗa baki: "GUD MONIN SA!"

Ya matso kusa da kunnena. "A'a, ina nufin yaran. Na bidiyon."

"Su ne dai."

Mai kyamara ya leƙa ta na'urarsa ya girgiza kai. "Oga, waɗannan ba za su sayu ba. Kamar 'yan biki. Ko za su cire takalma, a ɗan shafa musu ƙasa a ƙafa? Wancan mai tabarau kuma a fitar da shi gaba ɗaya."

Hedimasta ya yi gyaran murya ya daka tsawa, "Kowa ya cire takalmi!"

Daga bakin shinge Iya ma ta yi nata gyaran muryar. Ko yaro ɗaya bai sunkuya ba.

Ambasada ya ce in zo mu yi magana. Muka zagaya bayan aji. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya yi ƙasa da murya.

"Madiya, kina ganin ni mugu ne ko?"

"Ban ce ba."

"Na fi ki sanin mutanen nan da ke ba da tallafi. Suna zaune cikin sanyi suna latsa waya. In suka ga yaro fes yana dariya sai su wuce. In suka ga ƙafa ba takalmi sai hannunsu ya tafi aljihu. Ba ni na halicce su haka ba. Makarantu nawa na yi wa rufi da irin wannan bidiyon? Yaran can yanzu ba sa jiƙewa. Ke faɗa min, wanne ya fi, su ji kunyar minti biyu ko su sha ruwan sama har su gama firamare?"

'Yan uwa, ku da kuke shirin zaginsa a ƙasan rubutun nan, ku fara ba ni amsar wannan tambayar. Na tuna yarinyar da ta yi ta tari tun farkon damina, na tuna littattafansu da nake shanyawa a rana kamar wanki. Na ce, "Takalma dai ba za a cire ba. Layukan za su faɗa."

Ya yi murmushi. "Shi ya sa nake son ki."

Karo na farko ke nan da ya furta kalmar, kuma a bayan aji, kusa da inda awaki ke kwana.

Aka jera su a ɓangaren da ba rufi. Aka tsayar da ni a gefen allo. Ambasada ya durƙusa a tsakiyarsu bayan an shimfiɗa masa hankici, ya haɗa gira ya yi fuskar mai ciwon ciki. Mai kyamara ya ɗaga yatsa. Abin da ya rage kawai in ɗaga hannu in sauke, su fara.

Na ɗaga hannun. Na dube su. Mai tabarau ya cire tabaransa da kansa ya ɓoye a baya. Me-ya-sa ta ƙanƙame jakar uwarta, ta buɗe baki tana jira, idonta ba a kan kyamara yake ba, a kan uwarta yake a bakin shinge. Ni ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Maimakon in ba su alama, sai na ji kaina na yi musu tambayarmu ta kullum da safe.

"Wat du yu hav?"

Kai! Kamar an ɓalle bakin rafi.

Me-ya-sa ce ta fara miƙewa. "Mai faza haz e big kau!" Babanta yana da ƙatuwar saniya.

"Mai moza haz ten got!" Awakin uwarsa goma, ko da yake duk mun san ya ƙara.

"Wi hav e wel!" Su rijiya gare su.

"Ai hav e niw broza!" An yi mata ƙane.

Mai tabarau ya mayar da abinsa ya buga ƙirji ya ce yana da bijimai biyu da rediyo da kaka mai haƙora. Na kakar ban taɓa koya masa ba, shi ya haɗa abinsa, kuma wallahi jimlar daidai take. Matan bakin shinge ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma suka ɗauki tafi da shewa. Iya har da 'yar rawa. Hedimasta ya tafi ƙarƙashin bishiyarsa ya zauna ya juya mana baya.

Na jira Ambasada ya fashe. Sai ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya tafa hannu a hankali.

"Madiya, kin burge ni." Ya juya ga mai kyamara. "Ka ɗauka duka?"

"Duka, Oga."

"To ɗauko min rufin ta ciki, da wancan lungun mai taɓo. Mu tafi."

Ya raba wa yaran alewa, ya gaida iyaye da ladabi har da rusunawa, mai babur ya sake goya shi. Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace. Na ce shi ke nan, na yi asarar rufi, na yi asarar miji, amma na kwana da mutuncina. Har wani daɗi-daɗi nake ji, irin na jarumar fim. Hedimasta ya daina amsa gaisuwata. Wayata ta yi shiru, ba "hasken ƙauye", ba komai. Ruwa ya ci gaba da dukanmu a aji, kuma duk ɗigon da ya sauka a kan yaro sai in ji kamar ni na zuba masa.

Sai yau da safe.

Muna cikin darasi muka ji ihu daga bakin rafi. Muka fito, sai ga mazan gari a jere, kowa ɗauke da kwano sabo fil a ka, yana walƙiya. Bayansu kafintoci da katako da buhun ƙusa. Hedimasta yana gaba yana rawa da rigarsa a hannu, yana cewa, "Malama! Malama! Ashe dabara ce kika yi! Allah ya yi miki albarka!"

Na bar yaran suna tsalle na zagaya na hau shuri. Ina ɗaga waya ta kama kuka ba tsayawa, saƙo a kan saƙo. Na buɗe gurup ɗin gida, bidiyo ne a sama, an turo shi ya fi sau goma.

Na danna.

Wani kiɗa ne ya fara tashi mai sa mutum tuna matattunsa. An tsotse launin hoton kaf, kayan adon yaran sun koma toka-toka kamar tsumma. Aka nuna ramin rufi, aka nuna taɓo, aka nuna ƙafar wata akuya. Sai ga Me-ya-sa, an rage saurinta, bakinta yana motsi a hankali, an danne muryarta a ƙarƙashin kiɗan sai kaɗan-kaɗan ake ji. A ƙasa an rubuta da Turanci: mu matalauta ne. Sai mai tabarau yana buga ƙirji, an yanke hoton daga hancinsa zuwa sama don kada tabaran ya fito. A ƙasa: ba mu da komai. Matan da ke shewa an mayar da su kamar masu kururuwa. Rawar Iya ta zama ta tsohuwar da jiri ke ɗiba.

Daga ƙarshe sai ga ni, hannuna a sama, idona ya cika da ƙwalla. A ƙasan fuskata an rubuta: jarumar da ta bar birni saboda su, kuma matar da zan aura in Allah ya yarda.

Mutanen da suka kalla, in aka tara su, garin nan ba zai ɗauke su ba ko a tsaye.

Gwaggo ta turo saƙon murya tana kuka tana guɗa a lokaci guda. "Auta! Kin fito a duniya! Har maƙwabta sun shigo taya mu murna! Manyansa sun ce suna nan zuwa wajen Babanki. Maƙiya sai su mutu!" Mama ta rubuta, "Na yi kuka da na ga halin da kike ciki, ashe haka yaran suke, ba ki taɓa faɗa min ba." Yayyena sun cika wurin da hotunan zuciya da na zobe.

Na shiga ƙasan bidiyon na fara rubutu: ƙarya ne, ba abin da yaran suka ce ke nan ba. Ina cikin rubutawa na ji guduma ta fara sauka a kan ajina. Kwam. Kwam. Yaran suna ƙirgawa da Turanci suna dariya. Na goge. Na sake rubutawa. Na sake gogewa.

Sai ga kiransa.

"Madiya, hasken ƙauye. Kaya sun iso?"

"Ka sa musu magana a baki."

"Na fassara su ne zuwa yaren da masu kuɗi suke ji."

"Ka ce za ka aure ni a gaban duniya, ni ba ka tambaye ni ba."

"To ga shi ina tambaya." Ya yi 'yar dariyar nan mai sanyi. "Ke kin samu gaskiyarki a ranar, iyaye sun tafa miki. Ni na samo kwano. Kowa ya yi abin da ya iya. Ba ki ga mun dace ba?"

Na katse kiran don na ji zuciyata tana neman ta ce akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, ni kuma ba na son ta faɗa.

Ina shirin sauka sai wani saƙo ya shigo, ba ta gurup ba. Baba ne.

Ku ba ku san Babanmu ba, don ban taɓa kawo shi cikin labarin nan ba, shi ma bai taɓa sa kansa ba. Tun da aka buɗe gurup ɗin gida bai taɓa rubuta abin da ya wuce "Amin" ba. Tafinta ne a kotu har ya yi ritaya. Rayuwarsa duka a kan abu ɗaya ta ƙare: wani ya yi magana, shi ya maimaita ta da wani harshe ba ƙari ba ragi. Ko a gida in ka ce Mama ta ce kaza, sai ya ce, "Haka ta ce, ko haka ka ji?"

Ya rubuta: "Auta. Na rufe rubutun da yatsa na sa kunne. Yarinyar nan ta gaba cewa ta yi babanta yana da babbar saniya."

Na zauna daɓas a kan shuri.

Wani saƙon nasa ya shigo: "Gobe ina tafe. Mamanki da Gwaggonki ba su sani ba. Wace mota ake shiga?"

Na rubuta masa kwatance. Na ƙara da, "Baba, fushi kake yi da ni?" Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ni dai ina riƙe da waya a sama, kafaɗata kamar za ta cire.

Da amsar ta zo, ba ta tambayata ba ce.

"Ki ce wa masu aikin kada su ƙara buga ko ƙusa ɗaya sai na iso."

Na ɗaga kai. Kafintoci sun riga sun yaye tsohon rabin rufin sun jefar ƙasa, sabon kuma layi ɗaya kawai suka buga. Hedimasta yana ƙasa yana miƙa musu kwano yana waƙa. Yarana sun zagaye ajin sun ɗaga kai, bakinsu a buɗe. Daga gabas kuwa hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin, har iska ta fara kaɗa min mayafi.

Na sauko daga shurin, na nufi wajen mai guduma, kuma har na isa gindin tsaninsa ban san abin da zan ce masa ba.